Baƙar kwalbar giya mai barasa kashi 11.3: rigimar da Ɗan Wusasa ya jawo a zaure

Ɗan Wusasa: Salama gare ku 'yan zaure. Tun kafin in shiga magana ina neman afuwar 'yan'uwana Musulmi, don ku ne mafi yawa a nan, kuma abin da zan kawo ba abin shanku ba ne. Makon jiya da aka yi hirar cuku mai wari ba wanda ya kore ni, shi ya ba ni ƙarfin hali.

Dattijon da nake haya a gidansa a nan Ghent ta ƙasar Beljiyam tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya haura saba'in. Yana dafa giyarsa da kansa a garejin bayan gida, lita 20 a ɗauri ɗaya, ba ya sayarwa. Wata takwas ke nan duk ranar da ya ɗora tukunya ƙanshin yakan hawo har ɗakina, sai in ji kamar ina tsakar gidan kakata ana dafa tsiron dawa. Daren Asabar ya kira ni ƙasa. Na tarar da kwalabe biyu a kan tebur, tasa wadda ta shekara a ɗakin ƙasa, da wata baƙar giyar Beljiyam mai suna Rochefort 10, wadda ya ce ita yake bi tun yana da baƙin gashi har yau bai kamo ta ba.

Abu na farko, bai sa su a firji ba. Na ce Baba ai ba su yi sanyi ba. Ya kalle ni kamar na zagi iyayensa. Wai irin wannan a ma'aunin zafi 12 zuwa 14 ake shanta, sanyi yana rufe mata baki. Ya ɗauko kofin gilashi mai ƙafa da faɗin baki, ya karkata shi, ya tsiyaya a hankali, ya bar kamar yatsa ɗaya a gindin kwalba saboda yistin da ya kwanta.

A ido baƙa ce, amma da na ɗaga ta saitin fitila sai ta koma ja mai duhu, kamar zoɓon da aka manta a wuta ya yi kauri. Kumfarta launin kunun gyaɗa. Da na kai hanci ban ji Turai ba ko kaɗan. Dabino na ji, irin mai laushin nan da ke manne wa yatsa, da zabibi, da busasshen ɓaure, da mazarƙwaila, can ƙasa kuma ƙaurin ƙanzon tuwo da ɗan kanumfari. A baki zaƙi ne ke fara shiga, sai gardi, sai ɗaci ya biyo baya ba da faɗa ba, sannan ɗumi ya sauka ƙirji kamar ka haɗiye ruwan citta. Ta dattijon ma ƙanshin ɗaya ne, sai dai ta fi yauƙi, tana manne wa harshe, kuma barasarta tana sukar hanci. Ita Rochefort da ka haɗiye sai bakinka ya bushe tas, kamar ba ita ta shigo da zaƙin nan ba.

Rabin wannan da rabin waccan na sha, cikin awa ɗaya da rabi, da burodi da cuku. Da na miƙe zan hau bene sai ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba.

Tambayata ga Anti Binta, tunda fanninta ne: me ya sa ɗaya ke bushewa a baki ɗaya ke dankarewa, alhali dattijon ya rantse kayan haɗinsu kusan ɗaya ne?

Abu Sumayya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu har mun kai nan? A zauren da yaranmu ke karantawa ana siffanta uwar laifuka da dabino da zabibi? Shugaba, ina kake?

Ɗan Zongo: Malam, ai ya nemi afuwa tun a bakin ƙofa. Ni dai ƙafafun nan da suka yi masa tawaye su suka ba ni dariya.

Abu Sumayya: Neman afuwa ba ya mayar da talla ta zama wa'azi. Ɗan'uwa, ba ni da matsala da kai, addininka naka ne. Amma ka sani a wajenmu abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma la'anar ba kan mai sha kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa da mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa. Yaro ɗan shekara sha tara da ya zo karatu, ba uwa ba uba a kusa, ya karanta wannan bayanin naka, me kake zaton zai ji? Yawunsa ne zai tsinke.

Shugaban Zaure: Na gani, Malam. Dokar zauren nan tun kafuwarsa ita ce, ba zagi, ba tallan haja, ba siyasar jam'iyya. Ban ga ya sa farashi ko ya ce kowa ya je ya saya ba. Muna da Kiristoci a nan fiye da yadda ake zato, sun zauna sun karanta hirarmu ta azumi wata guda cur ba wanda ya yi ƙorafi. Zan bar maganar. Wanda ya fara cewa "ku gwada" zan goge, wanda ya fara kafirta wani ma zan goge.

Binta Leuven: Ƙanena, ka jefa ni tsakanin Malam da Shugaba. To bari in faɗa tun yanzu, ban taɓa kai ta bakina ba kuma ba zan kai ba. Amma ina karatun kimiyyar abinci a garin da babban kamfanin giya na duniya yake da hedikwata, yisti kuwa shi ne abin da nake kallo a madubi kullum, don haka amsarka ba wuya.

Sirrin sukari ne, kuma a juye yake da yadda mutum zai zata. Idan ka jiƙa sha'ir ya yi tsiro, ka busar, ka niƙa, ka dafa, ruwan da zai fito yana ɗauke da sukari iri biyu: wanda yisti ke iya cinyewa, da mai dogon jiki wanda ba ya iyawa. Na biyun shi ke saura a kofi ya ba da kauri da yauƙi. In kana son giya mai ƙarfi ka ce da tsiro zalla za ka yi ta, dole ka loda tsiro da yawa, ragowar da yisti bai ci ba ita ma ta yi yawa, abu ya fito kamar maɗi. Mutanen Beljiyam sai suka rage tsiro suka cike gurbin da sukari, wanda a nan daga saiwar bit ake tatsarsa, ba rake ba. Shi yisti yana cinye sukarin nan kusan ƙaf ya mayar da shi barasa. Ƙarfi ya hau, jiki bai yi nauyi ba. Ƙara sukari shi ke sa ta bushe.

Sukarin kuma ba fari suke zubawa ba a irin wannan baƙar. Ana dafa shi har ya yi duhu, daga nan launin da ka gani da ɗanɗanon zabibi da mazarƙwaila suke fitowa, tare da wani tsiro da aka gasa da danshinsa har ya zama kamar alewa a cikin ɓawo. Kanumfarin da ka ji kuma babu kanumfari a ciki, yistin ne ke fitar da wani sinadari mai wannan ƙanshin. Shi ya sa kowane gida ke tsaron yistinsa kamar gado.

Dattijon naka, zatona, abu biyu ne. Ko yistinsa ya gaji kafin ya gama ci, don barasa idan ta kusa kashi goma tana fara kashe mai yin ta, ko garejin ya yi zafi a kwanakin farko, shi ke kawo sukar hancin nan. Ka tambaye shi awon ƙarshe da ya samu, wato na sukarin da ya saura.

Ɗan Wusasa: Anti, Allah ya ƙara ilimi. Na sauka na karanta masa da Turanci, ya yi shiru, can ya ce a watan Yuli ya dafa ta. Ya ce in tambaye ki ko kina da aure, yana da jika.

Binta Leuven: Ka ce masa 'ya'yana uku, ya sayi fanka ya sa a gareji.

Abu Sumayya: Malama Binta, da girmamawa, kin ga yanzu kin gyara wa mai dafa giya giyarsa.

Binta Leuven: Na karɓi wannan, Malam, kuma ya tsaya mini a rai. Bayanin yadda abu ke aiki na yi niyya, ya zarce ya zama shawara. Astagfirullah. Amma ɗayar maganar taka ban yarda da ita ba, wato cewa yaranmu sun fi tsira in ba su san komai ba. Bari in ba ka lissafi. Kwalbar Rochefort ɗin nan ƙarama ce, mililita 330. A kashi 11.3, barasa zalla a cikinta ta kai mililita 37. Babbar kwalbar nan ta gida mai mililita 600, a kashi 5, mililita 30 ke cikinta. Ƙaramar ta fi babbar. Kuma ba ta ɗaci sosai, ba ta wari irin wanda yaro ya sani a bakin mashaya a Sabon Gari, launinta na Maltina ne. Yaron da kake tsoron masa, gara ya san haka daga bakinmu.

Mama Saratu: Ɗana na Wusasa, kada ka ce don ni Kirista ce zan tsaya maka. A cocin da na tashi a Filato, wanda aka kama da kwalba ana dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji. Ina nan a kan haka har gobe, shekara ashirin da biyu ina aikin jinya a Holan, na ga abin da hanta ke zama.

Amma ka taɓo mini wani wuri da ka ce tsiron dawa. Kakata mai burkutu ce, da shi ta biya kuɗin makarantar babana. Ina ƙarama ni ke yayyafa wa dawar ruwa. Jar dawa za a jiƙa ta kwana, a tsame, a baza a ɗaki a rufe da ganye, kwana huɗu ko biyar ta fito da farin gemu. A shanya a rana, a kai niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace. Kafin a zuba masa ragowar tsohon burkutu, ruwan nan zaƙi ne da shi kamar zuma, mu yara shi ake ɗiba mana a ƙoƙo, ba ya bugarwa. Da an zuba tsohon, kwana biyu ya fara tafasa da kansa ba wuta, daga nan yaro bai isa ya matso ba.

Abin da Binta ta rubuta da yaren jami'a, kakata ta san shi da hannu. Bambancin da na gani shi ne namu ba ya ajiyuwa. Kwana uku ya wuce ya zama tsami, sai a zubar ko a ba aladu. Wai wannan ta shekara a ɗaki tana ƙara kyau? Wannan ne ban gane ba.

Binta Leuven: Mama, dalili uku ne. Suna sa furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop, shi ke ba da ɗacin kuma yana hana ƙwayoyin tsami yaɗuwa, burkutu kuwa da gangan ake barin ƙwayoyin tsamin su yi aiki. Na biyu, yawan barasar kanta kariya ce. Na uku, lokacin ɗurawa a kwalba suna ƙara ɗan sukari da sabon yisti su toshe, sai ta sake tashi a cikin kwalbar, yistin ya shanye iskar da za ta lalata ta, ya bar gas. Shi ne abin da ya kwanta a gindi wanda dattijon ya ƙi tsiyayewa.

Ruwan zaƙin da ake ba ku a ƙoƙo kuma, kusan shi ne Maltina. Tun 1976 take kasuwa. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Najeriya dawa da masara suka koma, dawar kuma daga gonakinmu na Arewa take fita.

Ɗan Zongo: To fa. Ashe manomin da ya kai dawa kasuwar Dawanau bai san inda buhunsa zai kwana ba. Mu a nan Kumasi fito muke gani wajen mutanen arewacin Gana, a ƙwarya ake sha a gindin bishiya, ba mai ɗaga ta saitin fitila yana neman zoɓo.

Alhaji Mai Motoci: Assalamu alaikum. Ni shekarata goma sha tara a Brussels, nan unguwar Heyvaert inda muke loda motoci zuwa Kwatano. Giya ban san ta ba, amma na san mutanen ƙasar ga. Abin da ya ɗaure mini kai tun zuwana, wai masu ibada ne ke yin ta. Wani Bature da muke ciniki da shi ya taɓa ɗaga mini alkawali, mota tana jiran takardu, wai ranar ce aka ba shi ya tai gidan fada-fada ya amso akwati biyu, in ya kuskure sai wani lokaci. Na ce yanzu kuɗi na kiranka kana tahiya layin giya? Ya yi dariya. Ɗan Wusasa, kai da ka san su, wane irin addini ne wanga?

Ɗan Wusasa: Ranka ya daɗe Alhaji, ni ma ba ɗan Katolika ba ne, amma dattijon ya cika mini kunne. Sufaye ne da ake kira Trappist, sunan ya samo asali daga gidan zuhudun La Trappe a Faransa. Ƙa'idarsu addu'a da aiki, ba sa bara, dole gida ya ci da kansa. Wasu cuku suke yi, wasu burodi, wasu sabulu. Ko a Najeriya akwai gidansu a Awhum ta jihar Enugu. A Beljiyam gidaje biyar ne yanzu ke da hatimin giyar Trappist: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Da shida ne, Achel ta rasa hatimin a 2021 saboda sufayenta sun ƙare a gidan. Ƙungiyar da suka kafa a 1997 ta sa sharaɗi: a dafa a harabar gidan zuhudu, sufaye su sa ido, ribar ta tafi ciyar da su da gyaran gida, abin da ya saura a yi sadaka.

Abokin cinikinka tabbas Westvleteren ya je, gidan Sint-Sixtus, can yamma kusa da iyakar Faransa. Suna dafawa tun 1838. A 2005 wani shafin masu ba giya maki ya ce tasu mai lamba 12 ita ce ta ɗaya a duniya, motoci suka yi musu layi, su kuwa suka ƙi faɗaɗa aikin yadda kasuwa ke so. Sai ka yi rajista, a ba ka rana, ka zo da motarka, kuma ka yi alkawarin ba za ka sayar ba. Matsayinsu shi ne su ba 'yan kasuwa ba ne, suna dafa abin da zai riƙe su a zaman ibada ne kawai.

Alhaji Mai Motoci: Kasuwa ta buɗe maka baki ka ce ya isa? Wallahi ko a cikinmu masu salla biyar ban san mutum goma da za su iya wanga ba. Kayan haramun ne, amma ƙana'ar ta burge ni.

Abu Sumayya: Alhaji, sadaka da kuɗin giya kamar wanke tufa da fitsari ne. Ruhubananci ma ai su suka ƙirƙiro wa kansu shi.

Mama Saratu: Malam, a hankali. Ka tsaya kan giya, a nan ina bayanka. In ka shiga ibadar mutane za mu rabu.

Shugaban Zaure: Malam, ka ji Mama. A koma kan kwalba.

Abu Sumayya: Na ji. Mama ki yi haƙuri, ba da ke nake ba.

Injiniya Garba: Ina karantawa tun ɗazu daga Aachen. Ɗan gyara ga masu zaton lamba 10 ɗin nan ita ce ƙarfin barasar. Tsohon awon Beljiyam ne na kaurin ruwan tsiro kafin yisti ya taɓa shi. Shi ya sa Rochefort 6 take da kashi 7.5, mai 8 take da 9.2, mai 10 take da 11.3. Westvleteren 12 kuma 10.2 ce, ka ga lambar ta fi girma ƙarfin bai kai ba.

Wani abu da nake so Malam ya duba. A 1919 Beljiyam ta yi doka, ana kiranta da sunan minista Vandervelde, ta hana sayar da barasa mai zafi irin su jin (gin) a mashaya, saboda leburori suna ƙarar da albashinsu a kai. Dokar ta zauna har farkon shekarun 1980. Masu tarihin abin da yawa suna cewa a nan ne giya mai ƙarfi ta samu kasuwa, tunda an toshe waccan ƙofa masu dafawa suka ƙara wa tasu wuta. Westmalle ta fito da giyarta mai ƙarfi, Tripel, a 1934, Westvleteren 12 a 1940. An hana ruwa hanya ya ɓullo ta ƙarƙashin katanga.

Abu Sumayya: Injiniya, misalinka ni yake goya wa baya. Sun hana rabi sun bar rabi. Wanda ya sare reshe ya bar saiwa ba zai yi mamakin tofo ba. Mu da aka zo hanawa, sai da aka gina zukata shekaru, aka bi mataki-mataki, sannan ayar Ma'ida ta sauka, mutanen Madina suka tuntsurar da tulunansu a tituna da hannunsu.

Injiniya Garba: Wannan gaskiya ne, kuma amsa ce mai kyau. Sai dai a lura, zukatan aka fara ginawa. Mu a gida mun fi ƙwarewa a fasa kwalabe gaban kyamara, yaran kuma suna can bayan layi da maganin tari.

Abu Sumayya: A kan wannan ba mu da saɓani.

Ɗan Zongo: A rubuta ranar yau. Malam da Injiniya sun haɗu a kan abu ɗaya, kuma giya ce ta haɗa su.

Ɗan Wusasa: Malam, bari in amsa maganarka ta farko, don ta dame ni tun jiya. Ka ce na siffanta ta da dabino da zabibi. Ba ado na yi mata ba, abin da hancina ya ji ke nan. Dattijon yana ta kiran sunayen 'ya'yan itatuwan da ban taɓa ci ba, ni kuwa duk abin da na ji na san shi tun ina yaro, a tiren mai dabino, a ƙasan tukunyar tuwo, a shagon mai kayan yaji a Tudun Wada. Da na ce masa ƙanzo, na yi masa bayanin mene ne, sai ya tashi ya ɗauko littafinsa ya rubuta, ya ce shekara da shekaru yana neman sunan wannan ɗanɗanon. Abin da ya sa na kasa yin shiru ke nan. Kuma na faɗi yadda ta yi da ƙafafuna, ban ɓoye ba. Washegari ban je sujada ba, kaina kamar ana daka.

Mama Saratu: Ka ga abin da nake faɗa. Ka bar lambar babarka a nan.

Ɗan Wusasa: Mama, don Allah.

Binta Leuven: Tunda an zo nan, bari in saka abin da zai amfani masu salla, don shi ya fi damuna. A ƙasar nan giya ba a kofi kaɗai take ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya, kuma girki yana cikin abin da aka lissafa. Baƙar irin wadda ake magana ita ce ruwan miyar naman nan da Filamawa, 'yan Beljiyam masu yaren Holan, ke kira stoofvlees, masu Faransanci su ce carbonnade. Naman sa ne da albasa, a zuba kwalba guda ko biyu, a shafa wa burodi mustad a ɗora a sama, a bar shi awa biyu ko uku a ƙaramar wuta. Masu cewa wuta tana kore barasar duka ba daidai suke ba, tana raguwa sosai amma ba ta ƙarewa ƙaf. Akwai cukun Chimay da ake wanke bayansa da giya, an rubuta a jikinsa. Sannan kwalbar da aka rubuta wa "alcoholvrij" ko "sans alcool", wato marar barasa, doka ta yarda ta kai kashi 0.5. Wanda ke son babu ko ɗigo ya nemi mai 0.0. Hukuncin kowanne na bar wa malamai, ni dai na gaya muku abin da ke ciki.

Sabo Direba: Dakata Hajiya. Miyar nan baƙa-baƙa mai zaƙi da ake zubawa a kan soyayyen dankali a shagunan bakin hanya? Mai kauri, da zare-zaren nama?

Binta Leuven: Ita ce.

Sabo Direba: La'ilaha illallahu. Shekara huɗu ina jan tirela tsakanin Antwerp da Liège, duk Alhamis sai na tsaya na ci. Ni nama nake gudu, na ce kada a sa mini tsiran alade, miya kawai. Har na gaya wa matata ta koyi irinta, na ce kamar an sa dabino.

Ɗan Zongo: Malam Sabo ya riga Ɗan Wusasa ɗanɗanawa da shekara huɗu, kuma shi ma dabino ya ji.

Abu Sumayya: Ɗan Zongo, ba abin dariya ba ne. Malam Sabo, kwantar da hankalinka, ba a kama bawa da abin da bai sani ba. Ka yi istigfari ka bari daga yau. Ka kuma tambaya, ba mamaki wasu shagunan ba sa sawa, musamman na 'yan'uwanmu Turkawa da Marokawa. Malama Binta, wannan bayanin na ƙarshe Allah ya saka da alheri. Shugaba, shi ya kamata a maƙala a saman zaure, ba na farkon ba.

Shugaban Zaure: Na maƙala.

Alhaji Mai Motoci: To ni cukun nan mai jan baya da Baturen ya kawo mini tsaraba da salla, yana cikin firji ban buɗe ba. Hajiya Binta, bari in ɗauki hotonshi ki duba mini.

Binta Leuven: Turo, Alhaji. Ka ɗauko bayan kwalin inda aka jera kayan haɗi, ba gaban ba.

Sabo Direba: Ni gobe Alhamis. Zan tsaya in tambayi mai shagon. Ɗan Wusasa, yaya ake cewa "akwai giya a ciki?" da yarensu?

Ɗan Wusasa: "Zit er bier in?" Ka ja "bier" ɗin kamar kana cewa biir. In ya ce "natuurlijk", wato "ƙwarai kuwa", to ka nemi mayonis.